Ɗanka Ya Ci Jarrabawa, Amma Ya Iya Karatu?

 Abin da zan faɗa a wannan fitowa ba zai yi wa wasunmu daɗi ba, musamman masu makarantu da waɗanda ke zaune a kwamitin makarantun ikilisiya. Ku yi mini haƙuri, gama gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

A wani makon matasa a majami'armu, aka miƙa wa wani yaro ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare takardar sanarwa domin ya karanta wa jama'a. Yaron nan sananne ne, gama shi ne mahaifinsa ya fito ya yi godiya a gaban ikilisiya sa'ad da ya ci jarrabawar shiga sakandare tun yana aji biyar na firamare. Takardar layi shida ce, da Hausa. Yaro ya tsaya yana haɗa baƙi da wasali kamar mai hawan dutse da kaya, har wata mace daga zumuntar mata ta karɓi takardar ta ƙarasa. Bayan an tashi na kira shi gefe, na ce wataƙila Hausar ce ba a koya masa ba, bari in gwada shi da Turanci. Na buɗe masa littafin ajinsu. Ya furta kalmomin ɗaya bayan ɗaya, wasu daidai, wasu kuwa ya ƙirƙira. Da ya kai ƙarshen sakin layi na tambaye shi abin da labarin ya ce, sai ya sunkuyar da kai.

Yaron nan ba dolo ba ne. Ya san farashin kowane mudu a shagon uwarsa, ya kuma iya gyaran wayar hannu fiye da ni. Mahaifinsa manomi ne da ke sayar da hatsinsa kowane zango ya biya kuɗin makaranta, ya biya na lesin, ya biya na littafin tsoffin tambayoyi. An karɓi kuɗinsa shekara bakwai, an ba shi sakamako mai kyau, ba a koya wa ɗansa karatu ba. Idan wannan ba zamba ba ce, ku faɗa mini sunanta.

Yadda jarrabawa ta cinye aji

Ku bi ta ƙofar makarantu masu zaman kansu a garuruwanmu, har da waɗanda ikilisiyoyinmu suka gina da gudummawar membobi. Me ake rubutawa a ƙyallen da aka rataya a bakin ƙofa? Kashi ɗari bisa ɗari sun ci WAEC. Kashi ɗari bisa ɗari sun ci NECO. Ban taɓa ganin makarantar da ta rubuta cewa duk ɗan aji uku nata yana iya karanta labari ya kuma faɗi abin da ya karanta ba. Mai makaranta ya san abin da iyaye ke saye, shi ya sa yake tallan abin da yake tallatawa.

Daga bakin ƙofa abin ya shiga cikin aji. Yaro ɗan shekara huɗu a nazare ana yi masa jarrabawar ƙarshen zango, ana ba shi na ɗaya ko na ashirin. A aji ɗaya da aji biyu malama tana rubutu a allo, tana faɗa da ƙarfi, yara suna amsawa gaba ɗaya, sa'an nan su kwafa. Mai wucewa ta taga zai ce ana karatu sosai, alhali kuwa in ka share allon ka nuna wa yaro kalma ɗaya daga cikin waɗanda ya gama rerawa, ba zai gane ta ba. Daga aji huɗu kuma sai a ajiye littafin karatu a ɗauko tsoffin tambayoyin jarrabawar shiga sakandare. Safe da yamma, har da Asabar, yara suna haddar cewa amsar tambaya kaza ita ce B, ta kaza kuma D. Daga aji biyar, wani lokaci ma daga aji huɗu, a tsallake da yaro zuwa sakandare, iyaye suna murna wai ɗansu yana da ƙwaƙwalwa, aji shida kuwa ya zama kufai.

Kada mu yi saurin ɗora wa malama laifi. Albashinta ƙanƙane ne, a wurare da yawa ba ya zuwa a kan lokaci, kuma an gaya mata a fili cewa idan ajinta ya faɗi aikinta ya tafi. Manhaja ta jibga mata darussa barkatai da dole ta gama kafin ƙarshen zango. Idan ta tsaya ta zauna da yara goma da ba su san haruffa ba, hedimasta zai tambaye ta dalilin da ya sa ba ta kai babi na takwas ba. Saboda haka sai ta bi 'yan gaban aji su biyar da ke ganewa, sauran kuwa a tura su aji na gaba da jahilcinsu.

Yaron da aka tura haka, ina zai ƙare? Sa'ad da ya kai aji uku na babbar sakandare ba ya iya karanta tambayar da ke gabansa, balle ya amsa. A nan ne iyaye ke fara neman makarantun ƙauye da ake wa laƙabi da cibiyar mu'ujiza, inda ake rubuta amsa a allo ranar jarrabawa. 'Yan'uwa, mun san su, wasunmu sun biya, wasu ma sun zo sun ba da shaidar nasara bayan haka. Satar amsa ba a ɗakin WAEC take farawa ba. Tana farawa ne a aji biyu na firamare, ranar da aka ga yaro bai iya karatu ba aka ce ya wuce.

Abin da alƙaluma suka nuna

Kada wani ya ce labarin yaro ɗaya na ɗauka na yi wa duniya hukunci. A shekarar 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa suka ƙiyasta cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, yara 70 cikin 100 'yan shekara goma ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi. A ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara kuwa adadin ya kai 89 cikin 100. A nan gida, gwajin karatu da aka yi wa 'yan ƙananan azuzuwa a jihohin Bauchi da Sakkwato a 2013 ya nuna cewa mafi yawan 'yan aji biyu da aji uku ba su iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa ba.

A 2017 gwamnatin jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 gwaji da tambayoyin 'yan aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai makin da aka sa ba, aka kuma sallame su. An yi ta gardama a kan adalcin wannan kora, kuma ba ita ce maganata ba. Abin da nake so mu lura shi ne, waɗannan malamai da takardun shaida suka shiga aikin. Sun ci jarrabawa a zamaninsu. Takarda ta ce sun iya, aiki ya ce ba haka ba.

A 2025 ɗalibai sama da miliyan 1.9 suka zauna jarrabawar JAMB, a sakamakon da aka fara fitarwa fiye da miliyan 1.5 daga cikinsu ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Waɗannan su ne yaran da aka yi shekara goma sha biyu ana shirya su domin jarrabawa. Idan da horon jarrabawa yana sa a ci jarrabawa, ai da ba mu ga haka ba. Ko ma'aunin da muka rataya ran yaranmu a kansa ma, a wannan shekarar ya nuna mana cewa shi ma aikin ɗan adam ne. Hukumar JAMB ta amsa cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997, aka sake musu jarrabawa. Hukumar WAEC kuma ta fara sanar da cewa kashi 38.32 ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, bayan 'yan kwanaki ta gano kuskure wajen duba takardar Turanci, adadin ya koma kashi 62.96. A kan irin wannan lamba ne muke korar malami, muke dukan yaro, muke canza masa makaranta.

An bar jaki ana dukan taiki

Tsoron jarrabawa bai tsaya a makarantar unguwa ba, ya kai har ma'aikatar ilimi ta tarayya. Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa a shekarun farko na firamare. A ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta amince a faɗaɗa wannan zuwa shekara shida. A watan Nuwamba na 2025 kuma Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar da cewa an soke wannan manufa, Turanci ne harshen koyarwa tun daga farko, ya kuma kafa hujja da yawan faɗuwa a WAEC da NECO da JAMB a yankunan da aka ce sun rungumi harshen gida.

Da girmamawa nake cewa wannan hujja ba ta zauna ba. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2022 bai wuce aji huɗu ba a 2025, to yaya aka yi ya faɗi WAEC? Tsohuwar manufar kuma ta 1977, a makarantu nawa aka taɓa bin ta da littattafai da malaman da aka horar? Abin da muka sani a ƙauyukanmu shi ne malami yana karanta Turancin da yara ba sa ji, ya fassara da baki, su kwafa. Yaro ya tashi bai iya karanta Hausa ba, bai iya karanta Turanci ba, sa'an nan a ce harshen uwarsa ne ya kayar da shi.

An taɓa gwada abin da gaske a ƙasar nan. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na jami'ar Ife suka koyar da wasu yara dukan darussan firamare da Yarabanci har shekara shida, Turanci kuma ana koya musu shi a matsayin darasi. Yaran nan ba su kasa takwarorinsu da aka koyar da Turanci ba, har a Turancin kansa. Dalilin a fili yake. Karatu sau ɗaya ake koyonsa. Yaron da ya gane cewa alamar da ke kan takarda sauti ce, sautuka kuma in an haɗa su magana ce, zai ɗauki wannan sani ya shiga da shi kowane harshe. Rubutun boko na Hausa kuwa yana da sauƙi, gama kusan kowane harafi sauti ɗaya yake da shi: ba, be, bi, bo, bu. Turanci yana da haruffa 26 amma sautukansa sun kai wajen 44, harafi ɗaya yana iya fita da murya iri-iri. Wanda ya sa ɗan shekara shida ya koyi karatu da baƙon harshe a lokaci guda ya ɗora masa kaya biyu.

Na san a ikilisiyoyinmu akwai yara da yawa da Hausa ba harshen gidansu ba ce. Inda akwai littattafan koyon karatu a harshen gida, a fara da su. Inda babu, Hausar da yaro yake ji a kasuwa da wurin wasa da majami'a ta fi kusa da kunnensa fiye da Turanci. Iyayenmu da suka yi Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, da waɗanda suka koyi karatu a ajin yamma na mishan, da Hausa suka fara, kuma har suka tsufa ba su daina karanta wasiƙa da jarida da kansu ba.

Mene ne koyar da karatu da kyau?

Ba asiri ba ne. A shekarar 2000 wani kwamitin masana da majalisar dokokin Amurka ta sa aka kafa ya tattara binciken da aka yi a kan koyon karatu, ya fito da abubuwa biyar. Na farko, yaro ya iya jin sautukan da ke cikin kalma tun kafin ya ga harafi, ya san cewa kaza da kare da sauti ɗaya suka fara. Na biyu, a koya masa kowane harafi da sautinsa bi da bi, ya iya haɗa su ya karanta kalmar da bai taɓa gani ba. Na uku, ya yi ta karantawa da murya har karatun ya gudana ba tare da tuntuɓe ba, gama wanda ke fama da kowace kalma kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Na huɗu, a ƙara masa kalmomi ta wurin hira da tatsuniya da karanta masa labari. Na biyar, a riƙa tambayarsa ma'anar abin da ya karanta: wa ya yi, me ya sa, me zai biyo baya?

Ku duba da kyau, a cikin biyar ɗin nan babu wanda littafin tsoffin tambayoyi yake koyarwa. Dukansu kuwa suna bukatar lokaci kowace rana, da littafi a hannun kowane yaro, da malamar da aka nuna mata yadda ake yi. An riga an rubuta irin waɗannan littattafai da Hausa, kamar na Mu Karanta da aka yi aiki da su a Bauchi da Sakkwato, da na shirin RANA a Katsina da Zamfara. Ba mu da hujjar cewa babu kayan aiki.

Ga masu cewa sai da takarda

Wani dattijo zai ce mini, “Malam, duk mun ji, amma ba a shiga jami'a da iya karanta tatsuniya. Sai da kiredit biyar.” Gaskiya ne, Baba, ni ma ban ce a ƙone takardun WAEC ba. Amma takardar Lissafi karanta ta ake yi. Takardar Kimiyya karanta ta ake yi. Yaron da ya iya karatu da fahimta zai ɗauki littafi ya koya wa kansa abin da malami bai kai ba, wata uku na bitar tsoffin tambayoyi ya ishe shi. Wanda bai iya ba, ko shekara uku aka yi ana yi masa lesin, da zarar an juya tambayar ya ɓace. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bari in ɗauko misali biyu daga Amurka, domin su sun riga mu shiga wannan rami. A 2002 suka kafa dokar da ta sa a riƙa yi wa yara jarrabawar karatu da lissafi kowace shekara daga aji uku zuwa aji takwas, makarantar da ta kasa kuma a hukunta ta. A birnin Atlanta matsin ya yi yawa har malamai da shugabannin makarantu suka riƙa goge amsoshin yara suna gyarawa. Binciken da aka fitar a 2011 ya ambaci ma'aikata 178 a makarantu 44, a 2015 kuma kotu ta sami 11 da laifi. Yaran da aka gyara wa amsa an hana su taimakon da suke bukata, gama takarda ta ce ba su da matsala.

Jihar Misisifi kuwa, wadda tana cikin mafi talauci a ƙasar, ta bi wata hanya daga 2013. Ita ma tana yin gwaji, har ma yaron da bai iya karatu ba a ƙarshen aji uku yana iya maimaita ajin. Amma ta horar da malamanta a kan koyar da sauti da harafi, ta tura ƙwararru cikin azuzuwa su taimaka musu, ta kuma riƙa gwada yara tun suna ƙanana domin a gano mai rauni da wuri a taimake shi. A gwajin karatu na ƙasa na 'yan aji huɗu, jihar ta tashi daga ta 49 a 2013 zuwa ta 9 a 2024. Gwajin da ake yi domin a san wanda za a taimaka yana da amfani. Wanda ake yi domin a sami abin rubutawa a ƙyalle shi ne yake haifar da ƙarya.

Abin da ya rage gare mu

Ba mu da iko a kan WAEC ko ma'aikatar ilimi, amma muna da iko a kan makarantun da muka gina da yaran da muka haifa. Ina roƙon dattawa da kwamitocin makarantu su duba waɗannan:

1. A ware aƙalla awa ɗaya kowace safiya domin koyon karatu kaɗai daga aji ɗaya zuwa aji uku, kada a taɓa wannan lokaci saboda bita ko shirin biki.

2. Kowane zango, mutum biyu daga kwamiti su zauna da yaran aji biyu da aji uku ɗaya bayan ɗaya. A nuna wa yaro haruffa, sa'an nan kalmomi, sa'an nan gajeren labari da bai taɓa gani ba, a yi masa tambaya biyu. Minti biyar ya isa. Da irin wannan gwaji mai sauƙi ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya take auna yaran ƙauyuka tun 2005. A kawo sakamakon gaban taron iyaye da malamai.

3. Yaran da aka samu a baya, ko a aji biyar suke, a haɗa su bisa ga inda karatunsu ya tsaya, a ba su awa ɗaya kullum har su kamo. Kada a yi musu dariya, kada a doke su.

4. A daina tsallake aji shida. A daina ba 'yan nazare na ɗaya da na ƙarshe.

5. Kuɗin da ake kashewa a kan ƙyallen talla da rigunan bikin yaye ɗalibai, a sayi littattafan labari da shi, na Hausa da na Turanci, a bar yara su tafi da su gida.

6. A auna malamar aji ɗaya da yawan yaran da suka iya karatu a hannunta, a biya ta a kan lokaci, a kuma daina tura malamin da ya fi rauni zuwa ƙaramin aji.

7. Matasanmu da suka gama sakandare suna zaune suna jiran sakamako, a ba su aikin karanta wa ƙanana labari da yammacin Asabar a harabar majami'a.

Ku kuma iyaye, ko ba ku yi makaranta ba, kuna da kunne. Yau da dare ki kira ɗanki, ki ba shi wata takarda da bai saba da ita ba, ki ce ya karanta miki da ƙarfi, sa'an nan ya gaya miki da harshen gida abin da ta ce. Idan ya iya, ki gode wa malamarsa. Idan bai iya ba, kada ki jira katin sakamako. Ki je makarantar ranar Litinin ki tambayi hedimasta abin da za a yi kafin ƙarshen zango, ki kuma koma bayan wata ɗaya ki sake tambaya.

Yaron da na ba ku labarinsa, wata malama da ta yi ritaya a cikinmu ta ɗauke shi, suna zama sau uku a mako, sun koma kan ba, be, bi, bo, bu. Ya ji kunya da farko, yanzu kuwa shi yake tuna mata lokaci. Amma yara nawa ne irinsa suke zaune a bencin baya na majami'unmu da ba a taɓa miƙa musu takarda ba? Dattawa, ku sa wannan magana a ajandar zamanku na gaba. Allah ya ba mu ƙarfin zuciyar duba gaskiya, ya kuma albarkaci yaranmu da malamansu. Amin.